Yaro ya sauka ƙasa: fashin baƙi kan watannin rarrafe

A gidan suna ko gidan biki, ko a layin awo, da wuya mai goyon wata bakwai ta zauna ba a tambaye ta ba: "Ya fara rarrafe kuwa?" In ta ce tukuna, nan take za a samu wadda za ta kawo labarin jikanta da ya fara tun yana wata biyar. Uwar ta yi murmushi ta ce Allah Ya raya, amma ta koma gida da abin a ranta, ta shiga ƙirgen watanni da kallon 'ya'yan maƙwabta. A ganina wannan ƙirgen ya cinye mana hankalin da ya kamata mu kai wani wuri. Watan da yaro ya fara rarrafe bai cika gaya mana komai ba. Abin da ya fi taɓa lafiyarsa a wannan tsakanin shi ne ƙasar da ya sauka a kai, da abin da hannunsa ke kwasowa daga nan ya kai baki.

Mu fara sallamar maganar watanni, tunda ita ke hana iyaye barci. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon bin diddigin yara 816 masu ƙoshin lafiya a ƙasashe biyar, Gana da Indiya da Norwe da Oman da Amurka. Zama ba tallafi, wani ya yi kafin ya cika wata 4, wani sai da ya haura wata 9. Rarrafe da hannu da gwiwa, tsakanin wata 5 da wata 13 da rabi. Tafiya shi kaɗai, tsakanin wata 8 da wata 17 da rabi. Wato yara biyu da aka yi sunansu rana ɗaya, ɗaya na iya riga ɗaya rarrafe da wata takwas cur, kuma dukansu lafiya lau. Kimanin 4 cikin 100 ma ba su yi rarrafen hannu da gwiwa ba sam. A 2022 hukumar daƙile cututtuka ta Amurka, da ta sabunta jerin alamomin girman yara da take bai wa iyaye, sai ta cire rarrafe daga ciki. Wasu likitocin gashin ƙashi sun soki hakan, suna cewa rarrafe na da amfanin da bai kamata a yi watsi da shi ba, kuma da gaskiyarsu. Amma amfani daban, zama ma'aunin lafiya daban.

Hausawa sun ce da rarrafe yaro kan tashi, sai dai rarrafen ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai jan ciki, gaban rigarsa kullum baƙi ƙirin. Akwai mai jan gindi, yana zaune yana tura kansa. Irinsa kan ɗan jinkirta tafiya, kuma sau da yawa in an bincika za a ji a dangi akwai wanda ya yi haka. Akwai wanda ba ya yarda gwiwarsa ta taɓa siminti mai kaushi, sai ya ɗaga ƙugu ya tafi da tafin hannu da tafin ƙafa. Da yawa kuma da baya suke farawa. Za ka ga yaro ya kafa wa murfin kwano ido, ya yi yunƙuri, sai ya ga murfin na ƙara nisa, ya fashe da kukan haushi. Hannuwansa ne suka riga ƙafafunsa ƙarfi, kuma cikin 'yan makonni zai gano kan abin.

Ƙarfin nan daga sama yake saukowa: wuya, kafaɗa, baya, ƙugu, sannan ƙafa. Goyo na taimaka wa wuya da baya, don yaron da ke bayan uwa tana daka ko shara kullum cikin daidaita kansa yake. Amma goyo ba ya koya wa kafaɗa ɗaukar nauyin jiki. Wannan sai an riƙa kwantar da shi ruf da ciki a shimfiɗa mai tsabta, idonsa biyu, babba na kusa. In barci ya zo a mayar da shi rigingine, don barcin ruf da ciki na da haɗari ga jariri. Zaunar da shi cikin kwali ko baho a tokare da tsummoki ba laifi na ɗan lokaci, amma wanda ya wuni a ciki bai samu inda zai gwada juyi da yunƙuri ba.

Rarrafe na canza hankalin yaro fiye da yadda yake canza jikinsa. Jiya sai an kai shi ko an kawo masa, yau shi ke yanke inda za shi. A lura da shi in ya doshi abin da bai sani ba, ko akuya ko baƙo: zai tsaya, ya waigo ya dubi fuskar uwarsa. In ya ga sakin fuska ya ci gaba, in ya ga tsoro ya ja baya. A lokacin ne kuma yake gane cewa abin da ya ɓace wa ido yana nan, shi ya sa wasan rufe fuska da mayafi ke sa shi ƙyaƙyata dariya, shi ya sa kuma yake bin uwa har ƙofar banɗaki ya zauna yana kuka. Ƙiwa ma daga nan take. Kaka ta zo daga Kwarbai ta miƙa hannu tana cewa, "Zo nan maigida, ina cefanena?" shi kuwa ya maƙale wuyan uwa ya ɓare baki. Sai a ce an sangarta shi. Alhali ƙiwa a wata takwas ko tara alama ce ta ya fara bambance nasa da baƙo, kuma tana wucewa. A bar shi a cinyar uwa ya ƙare wa kakar kallo, da kansa zai rarrafa wajen carbinta. Abin da bai zo da shi ba shi ne tsoron faɗuwa. Sai ya yi makonni yana yawo da kansa kafin ya fara shakkar bakin gado ko bakin dakali. A makonnin farko katifa a ƙasa ta fi gado mai tsawo.

Duk da faɗin tazarar nan, akwai abubuwan da ba a jira a kansu. Yaro ya cika wata 9 bai iya zama shi kaɗai ba. Jikinsa ya yi laƙwas, ko ya sandare har sa masa wando ke wuya. Yana aiki da ɓangare ɗaya yana jan ɗayan. Ba ya waigowa in an kira shi, ba ya gwaranci. Ya iya abu sannan ya daina. Ya kai wata 18 bai taka ba. Irin waɗannan likitan yara ake kai wa, musamman yaron da bai yi kuka da wuri ba ranar haihuwa, ko ya yi shawara mai tsanani a makon farko. A Zariya mun yi sa'ar kusanci: ga Cibiyar Lafiyar Yara ta Banzazzau, ga asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ga asibitin koyarwa a Shika. Gashi da motsa jiki sun fi aiki in an fara da wuri. Akwai kuma yaron da ke rarrafensa lafiya sai a wayi gari ya ƙi dafa ƙasa, bayan hannu da bayan ƙafa sun kumbura, an taɓa sai ihu. A ƙasar da ta fi kowace yawan haihuwar masu sikila, wannan ba abin a shafa man zafi a jira ba ne. Sau da yawa ita ce alamar farko, kuma daga wajen wata shida take bayyana. Gwajin jini ne zai raba gardama.

A nan alkunya kan jawo mana asara. Yarinya ta haifi ɗan fari a gidan surukai, ko sunansa ba ta faɗa, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. Ita ce kuwa ta fi kowa sanin cewa hannun hagunsa ba ya buɗewa. In ta daure ta ce, "Hajiya, kamar yaron nan hannunsa..." aka amsa mata da "Ubansa ma haka ya yi, ki bar shi," shi ke nan ta yi shiru, wata uku su wuce. Ina roƙon iyayenmu mata su riƙa jawo irin waɗannan a jiki su tambaye su abin da suka gani, maigida kuma ya riƙa tambaya a ɗaki, inda za ta iya buɗe baki.

Tsakanin wata shida da tara abubuwa huɗu ke haɗuwa a jikin yaro lokaci guda, kuma a nan ne muka fi yin kuskure. Garkuwar da ya samo daga uwa tun yana ciki ta yi ƙasa, tasa kuma ba ta gama ƙarfi ba. An fara ba shi kunu da ruwa, da cokali da kofin da ba kullum suke da tsabta ba. Ya sauka ƙasa, kuma da baki yake gane duniya: takalmi, kan tsintsiya, ɓawon rake, duk sai ya ɗanɗana. Na huɗu, haƙoran ƙasa guda biyu sun fara tsagowa. Ukun farko ba a ganin aikinsu da ido. Haƙori kuwa ga shi fari fat a dasashi. Don haka da zawo ya zo, ko zazzaɓi, sai a ɗora masa: "Haƙori ne, in ya fito zai daina."

Haƙori na sa dalala da ƙaiƙayin dasashi da rigima, wani lokaci jiki ya ɗan yi ɗumi. Ba ya sa zawo mai ruwa, ba ya sa amai, ba ya sa jiki ya yi zafi rau. Waɗannan aikin ƙwayoyin cuta ne, ko maleriya, ko ciwon kunne, ko na huhu. Illar "haƙori ne" ita ce tana sa a jira, ɗan wata takwas kuwa ruwan jikinsa ba shi da yawa. Kwana ɗaya ko biyu na zawo da amai sun isa su kai shi ga halaka. Ido ya zurma, maɗiga ta faɗa, sai a koma neman abin shafawa a ka, alhali ruwa ne ya ƙare a jiki.

Illa ta biyu ita ce kasuwar maganin haƙori, kuma mutanen Zariya ba daga nesa suka ji wannan labarin ba. A ƙarshen 2008 wani maganin haƙori na ruwa mai suna My Pikin, da aka haɗa a Legas, ya gurɓata da wani sinadarin masana'antu mai kashe ƙoda. Yara suka daina fitsari. Asibitin koyarwa na nan garin na cikin waɗanda suka karɓi yaran, kuma ma'aikatar lafiya ta tarayya ta ce 84 ne suka rasu a faɗin ƙasa. Iyaye ne suka saya da kuɗinsu suka ba su da hannunsu, suna nema musu sauƙi. Hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta rufe kamfanin, kotu ta ɗaure biyu daga ma'aikatansa a 2013. Amma har gobe in ka shiga kemis ka ce yaro na haƙori, da wuya ka fito hannu rabbana. Dasashi mai ƙaiƙayi kuwa, wankakken yatsa ko tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi ya ishe shi.

Zawo maganinsa sananne ne, mai araha. A dama ƙunshin ORS, wato garin gishiri da sukari na zawo, cikin adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa, a riƙa ba shi da cokali kaɗan-kaɗan. In ya yi amai a dakata minti goma a ci gaba. A haɗa da ƙwayar zink, miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14 ga wanda ya kai wata shida, ko da zawon ya tsaya. Nono kada a janye, a ƙara ma. In ya kasa tsotso, ko yana amayar da komai, ko akwai jini a kashin, ko ba ya farkawa sosai, ko ya yi jijjiga, ba a kwana da shi a gida.

To daga ina ƙwayoyin ke zuwa? A durƙusa a tsakar gida irin namu na cikin birni, a dubi ƙasa daga inda idon yaro yake. Kaji na kiwo, sun bi ta kan tabarma. Ga turken awaki a kusurwa, iska na kwaso busasshen kashinsu. Ga ruwan wanke-wanke ya bi ta tsakiya zuwa rariya. Ga takalman da suka taka kwatar layi an jere su a bakin ƙofa, daidai inda yake son zama. Da damina, musamman watan Agusta da garin ba ya bushewa, duk wannan ya haɗe ya zama laka. Sannan ga kashin yaran kansu. An ɗauka na jariri ba shi da illa, sai a ɗauraye wandon a watsa ruwan a tsakar gida, alhali cutar da ke cikinsa ba ta gaza ta babba ba. Masai ya kamata ya tafi.

A 2013 wasu masu bincike suka buga abin da suka gani a ƙauyukan Zimbabuwe, inda suka zauna sa'o'i suna kallon jarirai kawai, suna rubuta abin da ke shiga bakinsu. Sun ga masu dumbuzar ƙasa suna ci, sun ga waɗanda suka ci kashin kaji. Da aka auna, ƙwayoyin cutar da ke cikin ɗan guntun kashin kaza sun ninka na ruwan shan gidan nesa ba kusa ba. Duk wanda ya yi raino a gida mai kaji ya san ba sai an je Zimbabuwe ba. Abin da masana ke zargi shi ne, ko zawo bai fito fili ba, hanjin da kullum ke fama da irin wannan yakan kumbura a hankali ya rage tsotse amfanin abinci. Yaro na ci amma ba ya tsawo. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Najeriya sun tsumbure, a shiyyarmu ta Arewa maso Yamma kuwa 57 cikin 100. Kaso mai yawa na wannan tsakanin wata shida da shekara biyu yake kama yaro, daidai lokacin rarrafe da koyon tafiya.

Sai dai maganar ba ta miƙe haka kawai ba. Babban gwajin da ya biyo baya a Zimbabuwen, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2019, ya samar wa gidaje masai da wurin wanke hannu da sabulu da shimfiɗar wasa ta yara, amma tsawon yaran bai ƙaru ba saboda waɗannan. Ƙarin abinci mai gina jiki ne ya ɗan ɗaga shi. Mutum na iya cewa ashe tsabta ba ta da amfani. Ni abin da na fahimta shi ne ƙazantar ta fi ƙarfin 'yar tabarma. Mai rarrafe ba ya zama inda aka ajiye shi, minti biyu ya bar wurin. In kaji na yawo a gidan, kwatar unguwa a toshe, shimfiɗa kaɗai ba ta fitar da shi. Ke nan dabbar ce za a killace, yaron a sake shi: akurki ga kaji, turke can nesa da inda ake girki da zama, shara kafin a sauke shi, takalma a sama. A wanke hannunsa shi ma da sabulu kafin ya ci abinci, don mukan wanke namu mu manta da nasa, alhali nasa ne ya wuni a ƙasa. Gyaran kwata da ruwan famfo kuwa aikin unguwa ne da hukuma, bai kamata a ɗora wa uwa laifin abin da ya fi ƙarfinta ba.

Gwajin ya kuma nuna nauyin abin da ke cikin cokali. Wajen wata shida nono kaɗai ya daina isar yaro, musamman wajen sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, ga shi ya fara ƙona ƙarfi da yawo. Abin da muka fi ba shi kuwa koko ne tsararo a fida. Cikinsa ƙarami ne, in ruwa ya cika shi ba wurin abinci. Kunun ya yi kaurin da zai zauna a cokali, a sa masa garin gyaɗa ko na waken suya ko na busasshen kifi, da ɗan manja. A ba shi dafaffen ƙwai da hanta da wake da kabewa, a murƙushe. Mu Zazzagawa da ake tsokana da fate, muna da abin da ya dace da bakin mai haƙori biyu: faten tsaki da ya nuna luguf, da alayyafo ko zogale da gyaɗa, a ɗebi nasa kafin a zuba yaji. Kwanonsa daban, don in an haɗa shi da yayye a tire ɗaya kafin ya kai loma biyu sun share. Ɗura kuwa, a danne yaro a toshe masa hanci a kwarara kunu, a bar ta, don kunun kan bi hanyar numfashi ya sauka a huhu.

Ƙasa ba ƙwayar cuta kaɗai take ɗauka ba. Gubar dalmar da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010 ta tsakar gida ta bi: ana dakan duwatsun zinare a cikin gidaje, ƙurar ta zauna a ƙasa, ƙananan yara masu kai hannu baki su suka fi mutuwa. Duk gidan da ake fasa tsohon batirin mota ko na sola, darasin ya shafe shi. Kwallin dutse ma sau da yawa dalma ce, yaro kuma kan murza ido ya kai hannu baki.

Wajen wata tara yake iya haɗa babban yatsa da manuni ya tsinci abu ƙanƙani. Ci gaba ne babba, daga nan zai fara ciyar da kansa. Amma daga nan ne kuma ƙwayar gyaɗa, aya, ƙwallon dabino, carbin da ya tsinke, ƙwayar hawan jinin kaka da ta faɗi ƙarƙashin kujera, duk suka zama nasa. Mafi muni ɗan batirin nan mai kamar kwabo, na agogo da fitilar wasa, wanda in ya maƙale a maƙoshi cikin sa'o'i biyu yana iya ƙona naman wurin. In abu ya shaƙe shi ya kasa kuka da numfashi, a kifa shi a kan hannu, kai ya yi ƙasa, a buga tsakanin kafaɗunsa sau biyar, a juyo shi a danna tsakiyar ƙirji da yatsu biyu sau biyar, a yi ta maimaitawa. Kada a zura yatsa ana lalube.

Kananzir a gorar lemo na cikin gubar da aka fi kai yara asibiti a kanta a ƙasar nan. Abin da aka saba yi, a ɗura manja a sa shi amai, shi ke ƙara ɓata lamarin, don haɗarin kananzir a huhu yake, amai kuwa wata hanya ce ta shigarsa can. Fiya-fiya da shinkafar ɓera ba su da wuri a ƙasan gidan mai rarrafe. Ruwa kuma ba ya buƙatar zurfi: kan yaro na rinjayarsa, in ya dafa bakin bokiti ya leƙa sai ya kifa ciki, ba ya iya fitowa, ba kuma ya ihu. Bahon wankin da aka tashi aka bari don amsa sallama ya isa. Da hunturu wuta ke matsowa kusa, kaskon garwashi a ɗaki, tukunyar ruwan wanka a ƙasa, man tuyar ƙosai ko awara ga masu sana'a a gida. In ƙuna ta faru, a riƙa kwarara ruwa mai sanyi a wurin na minti 20, a rufe da tsumma mai tsabta a tafi asibiti. Ɗanyen ƙwai da man goge baki da baƙin mai, ba ɗaya da ke taimakawa.

Waɗannan ba sa faruwa don uwa ba ta damu ba. Suna faruwa ne a ɗan lokacin da ta shiga kwashe tuwo ta ce, "Ke Ummi, duba min ƙanenki," Ummi kuwa shekararta shida, hankalinta na wajen 'yar carafke. Tana iya wasa da shi, ba ta iya gadinsa. A gidan yawa kowa na zaton wani na kallo, gara a miƙa shi ga babba da baki: "Goggo, ga shi nan a hannunki." Mafi yawan gyaran kuma na maigida ne da aljihunsa: kafinta ya kafa kanta a sama don magani da kananzir, ya yi ɗan ƙyaure a ƙofar kicin, rijiya ta samu murfi mai nauyi da kwaɗo, a ɗaga wayar caji daga ƙasa. Kuɗin keken nan mai tayoyi da ake zaunar da yaro a ciki, gara a kashe su a nan. Keken ba ya sa tafiya da wuri, gudu yake ba yaro da tsawon da hankalinsa bai kai ba, ya isa tukunya ko matakala kafin a miƙe. Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004.

Wata tara na da alƙawarin da ake yawan mantawa. Bayan allurar mako 14 akwai dogon hutu, uwa ta ga kamar an gama, katin ya shige ƙasan akwati. Alhali a wata 9 akwai rigakafin ƙyanda da shawara da sanƙarau, a wata 15 ƙyanda karo na biyu, kyauta a asibitocin gwamnati. In an je a sa a ɗora shi a sikeli, don nauyin da ya tsaya bai hau ba magana ce, ko da yaron na rarrafe da gudu.

Bayan 'yan watanni sai a ga ya dafa gwiwar babansa ko bakin kujera ya miƙe, ƙafafu na rawa, ya rasa yadda zai koma ya zauna sai ya yi kuka a zo a sauke shi. Har cikin dare yakan tashi ya gwada, barcin gidan ya ɗan rikice. A bar shi ba takalmi a cikin ɗaki, tafin ƙafa da yatsu na buƙatar jin ƙasa. Ranar da ya fara miƙewa a sake zagaya gidan, don abin da aka ɗora kan teburi da kujera a watan jiya yanzu hannunsa na kaiwa: fulas ɗin ruwan zafi, kofin shayi, dutsen guga da igiyarsa ke lilo, da mayafin teburin da zai ja ya taho da duk abin da ke kai.